Yadda ake tada tsohuwar tarakta MF 135 daga kwance har a fita da ita filin nuni

Tun ranar da na fito da jar taraktar nan na zaga gari da ita wayata ba ta huta ba, wannan ya ce akwai irinta a bayan gidansu har kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, wancan ya ce ta kawunsa ce tun yana firamare take ajiye a gindin dalbejiya, kuma kowa tambayarsa ɗaya ce, ta ina ake farawa. Bakina ya gaji da maimaici shi yasa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya.

Wadda na gyara Massey Ferguson 135 ce, mai injin Perkins silinda uku mai shan gas, wato dizal, ƙirar Coventry ta Ingila, irin waɗanda aka fara fitarwa a 1964. Kusan duk abin da zan faɗa zai yi wa mai MF 35 amfani. Mai tsohuwar Ferguson TE20 ruwan toka kuma, wadda aka ƙera daga 1946 zuwa 1956, in tashi mai fetur ce sai ya tsallake maganar injekta ya koma kan kafireto da fulogi. Abin da nake roƙo kawai a bi matakan a jere, don yawancin taraktocin da na ga sun mutu a hannun masu sha'awa ba rashin kuɗi ne ya kashe su ba, fara aiki daga ƙarshe ne, mutum ya sayo fenti tun bai ji ƙarar injin ba.

1. Kafin ka biya ko sisi

Fara da maganar mallaka. Da yawa daga cikin tsofaffin taraktocin da ke yashe a ƙauyukanmu ko na gado ne da ba a raba ba, ko na ƙungiyar manoma, ko na hukuma da aka yi gwanjo. Muddin tana kwance cikin tsatsa babu mai kallonta, ranar da ta fara sheƙi kuwa magada goma za su fito. A yi takarda, a sa shaidu, mai unguwa ya sani, a rubuta lambar jikinta a cikin takardar. Lambar tana kan wani ɗan allon ƙarfe a wajen dashbod kusa da sitiyari, ta injin kuma a jikin bulok take.

Sannan ka duba abubuwa huɗun nan da tocila a hannu: tsagewa a jikin bulok, tsagewa ko tsohuwar walda a gidan giya da aksil na baya, ko famfon injekta yana nan, da kuma ko salansa a buɗe take tana shan ruwan sama. Bonet da madigad ko sun rube ana samun sabbi ko a ba fanel bita. Bulok da ya tsage kuma wannan sai dai ka saye ta a kuɗin 'yan gwangwan don cire kaya.

Gargaɗi: in mai ita ya ce maka "batir kawai take so", ka yi murmushi ka ci gaba da dubawa. Kar ka yarda a ja ta da wata mota don a nuna maka tana tashi, nan gaba zan faɗi dalili.

2. Wuri da kayan aiki

Nemi wuri mai daɓen siminti da rumfa, wanda ba za a tashe ka ba ko da aikin zai kai shekara, don zai iya kaiwa. Taraktar tana da nauyin wajen tan ɗaya da rabi, kan turɓaya jak nutsewa yake yi.

Sifanonin da ake gyaran Toyota da su ba za su yi maka ba, notinan taraktar nan awon inci ne, ka nemi 7/16, 1/2, 9/16, 5/8, 11/16 da 3/4, da 'yar ƙarama 5/16 wadda za ka buƙace ta wajen fitar da iska. In ka matsa wa noti sifanar milimita kan zai murje, daga nan aikin minti biyar ya koma na yini da kurfi da guduma. Sai jak mai ƙarfi, gumagumai na katako, bindigar giris, buroshin ƙarfe, kananzir, bokitai, da ledoji ko gwangwanayen madara na zuba notina da alƙalamin rubuta sunan kowane. Littafin gyaranta ma yana nan a intanet, a sauke a buga a takarda, waya da baƙin mai ba sa shiri.

Gargaɗi: kar a taɓa ɗora tarakta kan bulo na siminti, fashewa yake yi lokaci ɗaya ba sanarwa. Katako mai kauri, kuma ba a shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita.

3. Hoto, sannan wanki

Kafin ka kwance ko noti ɗaya ɗauki hotuna ta kowane gefe, musamman yadda wayoyi da bututun gas da sandunan totur suka bi. Yanzu kana ganin za ka tuna, wallahi bayan wata huɗu ba za ka tuna ba. Daga nan a kankare laka da tsohon giris, a wanke da kananzir sannan omo da ruwa, amma a toshe bakin salansa da hanyar iska da leda tukuna. Wankin nan shi zai nuna maka inda take yoyo.

4. Injin yana juyawa ko ya cije

Sa giya a firi ka kama fanka kana danne fambel da ɗaya hannun, ko ka sa sifana a notin fuli na gaba, ka gwada juyawa. In ya motsa ka gode wa Allah ka wuce zuwa mataki na 5, amma ka tabbata ya zagaya cikakke sau biyu ba tare da ya tokare ba.

In ya cije, a nan ake gane mai haƙuri. Cire nozil ɗin nan uku, zuba gas haɗe da man giyar otomatik a kowane rami, rufe da tsumma ka tafi harkarka. Bayan kwana uku ka dawo ka ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, sa babbar giya, ka riƙa jijjiga tayar gaba da baya a hankali. Bai motsa ba, ƙara mai ka sake tafiya. Tawa sai da ta kwashe sati biyu da 'yan kwanaki, har na fidda rai, wata safiya ina jijjigawa naji ta ɗan yi ƙas. In an yi wata guda shiru to sai a cire kan injin a ga abin da ke ciki.

Gargaɗi: wannan shi ne dalilin da na ce kar a ja ta. In ruwan sama ya shiga ta salansa ya taru a kan fistan, ruwa ba ya matsuwa, kana fizgarta sandar fistan ta lanƙwashe ko ringi ya karye. Bayan injin ya saki ma ka juya shi nozil na cire don man da ka zuba ya fita kafin ka mayar da su.

5. Baƙin mai, ruwa da iska

Juye tsohon baƙin mai ka kalle shi sosai kafin ka zubar. In ruwa ne ya fara fitowa, ko man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa na shiga, wataƙila gaskit ɗin kai ne. In kana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, metal ya ci. Sa sabuwar filta, zuba lita 6 zuwa 7 kana duba sandar geji. A wannan karon sa mai araha don wanki za ka yi da shi, bayan 'yan awanni na aiki za ka sake juyewa ka sa mai kyau.

Lagireto a wanke shi ciki da waje, a canza tiyo duka ko da suna da kyan gani, a cika da ruwa a bar shi ya kwana a ga ko ya ragu. Tsofaffin 135 matatar iskarsu mai kwanon mai ce a ƙasa, za ka tarar da laka ta daskare a ciki kamar tuwo, kankare ka wanke ragar da kananzir, bari ta bushe, ka zuba baƙin mai daidai layin da aka zana, kar ya wuce. Leƙa bututun iskar kuma, zanzaro da ɓeraye suna son wajen.

6. Hanyar gas

Nan ne rabin aikin tada ita yake, don haka zan ɗan daɗe.

Cire tankin gaba ɗaya, yana cin wajen lita 38. Juye abin da ke ciki, zuba gas kaɗan da 'yan notina ko tsakuwa mai tsabta ka girgiza har hannunka ya gaji, juye, maimaita har ya fito fes. Ka ƙirga notinan da ka zuba ka tabbata duk sun fito. Wanke famfon ƙasan tanki da 'yar ragarsa, hura bututai, canza filtar gas tare da robobinta, a kula robar sama ta zauna daidai don ta nan iska ta fi shiga.

Yanzu fitar da iska, kuma a jere ake yinsa daga tanki zuwa inji. Cika tanki ko da rabi ne. Akwai ƙaramin famfon gas a gefen injin mai ɗan hannu da ake dannawa. Sassauta notin saman filta kana danna hannun har gas ya fito babu kumfa, ɗaure. Koma kan famfon injekta, irin CAV ne, yana da ƙananan notina biyu a jikinsa, nan sifana 5/16 za ta yi aiki, fara da na ƙasa, danna har kumfa ta ƙare, ɗaure, sannan na sama. A ƙarshe sassauta notin bututu a bakin nozil, buɗe totur, tabbata wayar kashe inji a ture take ciki, buga kik har ka ga gas na tsartuwa, ɗaure. In kana danna hannun famfon kaji shi sakwaf ba ya ɗaukar komai, juya injin zagaye ɗaya ka sake gwadawa, wani lokacin kam ne ya tokare shi.

Wayar kashe injin nan kar ku raina ta, na taɓa kwashe yamma guda ina buga kik har batir ya mutu ashe a jawo take.

In an yi duk wannan gas bai zo bakin nozil ba, cikin famfon injekta ya manne saboda daɗewa. Kar ka buɗe shi a gida, kuma kar ka ba bakaniken bakin titi, kai wa masu injekta da ke da injin gwaji, ka haɗa da nozil ɗin uku a gwada su gaba ɗaya. Kafin a cire shi a yi alama a jikinsa da jikin injin don taimin ya koma inda yake.

Gargaɗi: kar ka sa hannu a gaban nozil yana feshi ko ka shafa bututu da yatsa kana neman yoyo. Ƙarfin gas ɗin yana huda fata, raunin ɗan mitsitsi ne a ido amma yana iya jawo a yanke yatsa, in ya faru asibiti kai tsaye.

7. Tashin farko

Batir mai volt 12 mai ƙarfi, kan batir a goge, wayar as a ɗaure a ƙarfe mai tsabta. Duba wace ƙafar batir ce aka haɗa da bodi tun asali kafin ka jona, don wasu tsofaffin, musamman 35, fositif ne ke zuwa bodi. Ƙaramar sandar giya ta hai da lo dole ta kasance a tsakiya in ba haka ba kik ba zai amsa ba, haka aka yi ta don kariya. Toshe tayoyi da katako, kori yara, ka hau kujera ka tada daga can.

Ajiye wani faffaɗan katako a kusa, wani ya tsaya da shi. Injin gas da ya daɗe a kwance wani lokaci yana tashi da gudu ya ƙi sauka ko an ja wayar kashewa, maganinsa a toshe bakin iska da katakon nan. Ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba, zuƙe shi zai yi.

Kar ka riƙe kik ya wuce daƙiƙa 15, bari ya huta. Da ta kama idonka ya tafi kan agogon mai, wato mai nuna ƙarfin bugun baƙin mai, in allura ba ta tashi ba cikin 'yan daƙiƙu kashe nan take. Hayaƙi kam za a sha, ka sanar da makwabta.

Gargaɗi: kar a tada ta da sukundireba a jikin kik ana tsaye a gaban tayar baya. In tana cikin giya kanka za ta bi. Fesa fetur a hanyar iska ma a bar shi, yana karya ringi.

8. Saurara kafin ka buɗe inji

Bari ta yi zafi ta yi aiki na awa ɗaya ko biyu, sau da yawa ringin da ya manne yakan saki da kansa hayaƙin ya ragu. Baƙin hayaƙi yawanci nozil ne ko toshewar iska, shuɗi tana cin mai, fari da ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi ko taimin ko ruwa. Kumfa a bakin lagireto gaskit ne. Saita bawul inji na sanyi, milimita 0.30.

Ni ra'ayina in tana tashi da safe ba gardama, agogon mai na nuna sama da psi 30 tana zafi, babu ƙwanƙwasa daga ƙasa, to a bar injin nan a rufe. Wasu bakanikai da sun ji tarakta ta tsufa sai su ce a sauke inji, alhali tarakta ce da za ta yi 'yan awanni a wata. In kuma dole ne, sa'ar da muka yi ita ce irin injin nan har yanzu yana cikin MF 240 da kamfanin Millat ke haɗawa a Pakistan, don haka fistan da ringi da silib da metal da gaskit ana samunsu saiti guda, a Kano a leƙa Ƙofar Ruwa, a Kaduna a leƙa Panteka. Ka tafi da tsohon a hannu ka gwada, don fistan ɗin 35 da na 135 ba iri ɗaya ba ne ko da mai shago ya rantse. Ɗaurin kan inji kuma da sifanar awo ake yi, bisa jerin da littafi ya nuna.

9. Man giya da ɗaga garma

Gidan giya da aksil na baya da famfon haidurolik duk mai ɗaya suke sha, wajen lita 30, ka shirya aljihunka. Matoshin juyewa ya fi ɗaya, a buɗe duka. Kusan kowace tsohuwar tarakta za ka samu man ya zama fari saboda ruwa yana bi ta yagaggun robobin sandar giya, robobin nan ba su da tsada, canza su tun yau. Buɗe murfin gefe ka sa hannu ka kwashe dagwalon da ke ƙasa, inji a kashe, in famfon na da raga a wanke ta. Zuba man tarakta na haidurolik da giya, mai kaurin nan na difaren mota ba nata ba ne.

Gwaji: rataya garma ko wani nauyi, ɗaga, kashe inji. In ta sauko cikin 'yan mintuna ringin silindar ɗagawa ya ci, in tana ɗagawa tana karkarwa bawul ɗin famfo ne. Murfin saman nan da kujera ke kai, wanda za a ɗaga kafin a kai ga silindar, yana da nauyi sosai, mutum biyu ko ƙugiya.

10. Kuloci

Kulocinta hawa biyu ne, rabin taku yana tsayar da tafiya, taku har ƙasa yana tsayar da PTO, wato sandar nan ta baya mai juya kayan aikin da aka jona. Wasan feda ya zama wajen santimita 1. In farantin kuloci ya manne saboda zama, gwada ɗaure fedar a ƙasa na 'yan kwanaki inji na yin zafi lokaci lokaci. Bai saki ba sai a raba taraktar biyu.

Gargaɗi: kafin a raba, a buga katako tsakanin aksil na gaba da jikin injin hagu da dama, in ba haka ba rabin gaban zai kife gefe guda da zarar an ja shi. Tunda an riga an buɗe a canza boris ɗin kuloci da sil ɗin bayan karanshaf gaba ɗaya, ba wanda ke son raba tarakta sau biyu.

11. Birki, sitiyari, taya

Cire tayar baya da dirom. In ka ga mai a jikin takalmin birki sil ɗin aksil ne ya mutu, canza sil ɗin tukuna sannan takalmi, in ka juya jerin sabon takalmin ma zai jiƙe. Saita ɓangarorin biyu su kama tare. Ƙurar cikin dirom kar a hura ta da baki ko kwamfuresa, tsofaffin takalman birki akwai asbestos a ciki mai lalata huhu, a jiƙa a goge.

Ɗaga gaba ka girgiza tayoyi, canza bushin da tayarod da suka yi wasa, cika akwatin sitiyari da mai, bi duk kan giris ɗaya bayan ɗaya.

Tayar baya yawanci 12.4-28 ce, ta gaba 6.00-16. Kafin ka kwance ta baya duba ko an cika ta da ruwa don nauyi, in haka ne a zubar tukuna don tana iya danne mutum, kuma ka duba rim wajen bakin bawul nan yake fara ruɓewa.

12. Waya

Tarakta ce mai wayoyi ƙalilan, kar a tsaya faci, rewaya ya zare tsofaffin ya ja sabbi ya sa fiyus. In don amfani ne altaneta ta fi sauƙi, in kuma kana son ta zauna yadda ta fito daga kamfani a gyara dainamonta na asali. Ko me ka cire ka adana shi.

13. Sai yanzu fenti

Sharaɗina shi ne ta yi sati biyu tana aiki, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana ka tashi ba ɗigo. Ni na karya wannan sharaɗin da farko, na fesa wa gidan giya fenti saboda ɗoki, bayan kwana goma sil ya fara zuba, wajen cirewa sifana ta kwarzane ko'ina sai da aka sake.

Tsaya ma ka tambayi kanka ko tana buƙatar fentin. Masu wannan sha'awa a Ingila da yawa yanzu sun fi daraja tarakta mai fentinta na asali ko ya koɗe, su wanke su shafa mai kawai. In nata bai ruɓe ba ka yi tunani, don in ka kankare shikenan ba ya dawowa.

In za a yi, cire bonet, madigad, giril, tanki, kujera da tayoyi, kowanne a fesa shi daban. Kankare har ƙarfe, walda inda ya huje, bodi fila kaɗan kaɗan, firaima a ranar da aka kankare kafin tsatsa ta dawo. Inji da gidan giya a wanke maiƙo sau biyu, fenti ba ya kama mai. Rufe allon lamba, agoguna, kan giris da famfon injekta da tef. Kalar 135 ita ce ja a bonet da madigad, toka mai duhu a inji da gangar jiki, ruwan azurfa a wili, sunan jan Super Red, tokar kuma Stoneleigh Grey, ka nuna wa mai haɗa fenti hoto, ko mafi kyau ka nemo inda rana ba ta taɓa ba a ƙarƙashin dashbod a kwaikwaya. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya. Lokacin hazo kar a fesa, ƙura za ta zauna a kai kamar samfefa, ranar hadari ma haka, sassafe ya fi kuma a yayyafa ruwa a ƙasa. Sitika sai fenti ya yi sati biyu.

Gargaɗi: tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, sabon mai hadina kuma gubarsa ta wuce ƙarfin takunkumin ƙyalle. A nemi takunkumin masu fenti na gaske, a yi a fili, yara su yi nisa.

14. Inda kuɗin ke tafiya

Kayan nan da dala suke tafiya, farashin wannan watan daban da na wata mai zuwa, don haka ka zaga kasuwa ka rubuta da kanka kafin ka fara. Manyan masu cin kuɗi su ne tayoyin baya, gyaran injekta, saitin inji in an buɗe, kuloci, man giya da batir. Fenti da ake ta zumuɗinsa yana can ƙasa. Abin da mutane ke mantawa shi ne kuɗin ɗaukota a mota, da ƙananan kaya, sil, tiyo, notina, kananzir, waɗanda in ka tara sai ka riƙe baki. Duk lissafin da ka yi ka ninka shi biyu. Kuma kar ka sayi tayoyi da farko, sai injin ya tabbata. A kan sil da gaskit da filta kar a bi araha, araha ba ta ado, a fitila da sitika kuwa ba laifi. In kana tunanin za ka sayar ka ci riba, gaskiya ba lallai kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba.

15. Ranar fita

A Ingila akwai taruka na musamman na tsofaffin taraktoci, kamar wanda ake yi a Newark duk shekara, da gasar huɗa da tsofaffin garmuna, alƙalai suna duba ko kayan jikinta sun dace da shekarar da aka ƙera ta. Mu a nan sai mu nemi inda manoma ke taruwa, nunin amfanin gona na ƙaramar hukuma ko na jiha, baje kolin Kaduna, ko babban nunin noma na ƙasa da ake yi a hanyar Abuja zuwa Keffi. Je ka ga masu shiryawa tun da wuri ka nemi wuri, ka tafi da takardun mallaka don za a iya tare ka a hanya.

In da nisa a ɗauke ta a mota, a hau da ita a ƙaramar giya, a ɗaure da sarƙa ta kusurwa huɗu. In tuƙawa za ka yi haɗa fedojin birki biyu da sakatarsu, taka guda ɗaya a kan kwalta juyar da kai zai yi. Ba a ɗaukar kowa a kan madigad komai magiya, ba ta da ƙarfen kariya in ta kife. In za ta ja wani abu a ɗaura a sandar ja ta ƙasa, ɗauri sama da aksil yana ɗaga gabanta ta faɗo ta baya. Babbar riga da rawani kuma a cire su kafin a matso kusa da PTO, murfinsa ya kasance a rufe.

Buga ɗan allo mai ɗauke da samfurinta, shekararta, garin da ta yi aiki, da hotunan nan na mataki na 3 tana cikin ciyawa, za ka ga mutane sun fi tsayawa a kan hoton. Dattawa za su zo su ba ka labarin wadda suka tuƙa, ka saurare su, a wajen wani tsoho na samu labarin inda wata garma mai faranti ke yashe wadda yanzu take bayan tawa. Tafi da tsumma, jarkar ruwa, sifanonin 5/16 da 5/8, filtar gas ta ajiya, da abin kashe gobara. Kana sauka zare makulli ka cire kan batir, don kafin ka juya yaro ya hau.

In kun dawo gida cika tanki don kar raɓa ta taru a ciki, kifa gwangwani a bakin salansa, ɗaure fedar kuloci a ƙasa in za ta daɗe, kuma duk sati biyu a tada ta a zaga da ita har ta yi zafi sosai a ɗaga haidurolik a sauke sau uku ko huɗu.